Takardar Aminin Kawu

Ɗazu jirgi ya wuce ta saman unguwarmu Bagdadiyya har tagogi suka girgiza, sai marigayi Kawu ya faɗo min a rai. Injiniyan jirgin sama ne. Wata mujallar bincike takan aiko masa da rubutun masana ya tantance kafin a buga, bai san mai shi ba, mai shi bai san shi ba. Ni ke buga amsarsa a tafireta, yana kurɓar shayin na'a-na'a.

Ran nan aka aiko wata takarda, ya karanta shafi biyu ya rufe. "Na aminina ne, na gane salonsa. Rubuta musu su nemi wani, idona ba zai ga kuskurensa ba."

"Kawu, ka sa hannu mana, halas, a wuce wurin!"

"Mutane ke hawa jirgin nan, 'yata."

Ranar Juma'a aminin ya zo cin abinci yana faɗa: "Wane malalaci ne ya jawo wa takardata jinkiri?" Na buɗe baki ke nan Kawu ya miƙo min tire. "Yalla, maza ƙaro shinkafa." Na dawo na tarar aminin yana ta zagin malalacin, Kawu yana gyaɗa kai, yana tura wa mutumin nama.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba mu rabin riƙon amanarsa.