Ruɓaɓɓen Kifin Da Na Ci Saboda Fiyano

Muna idar da sallar asuba ranar Lahadi muka bar Germantown, ni da abokina, fiyanona na kwance a kujerar baya. Maɓallanta uku sun mutu, ga bikin ƙanwar abokin nan ranar Asabar, ni ne kuma makaɗi. A zauren masu irin fiyanon na intanet aka ce in zo taronsu a garin Alexandria da ke kusa da mu: akwai wani ɗan Danmak mai kayan gyara, da wani tsoho ɗan Suwidin da ya iya sa su.

Titin 270 fayau, babu cunkoson ranakun aiki. Mai dai ya yi tsada, muka sha muna tsaki.

Gidan tsohon muka sauka. Mutum takwas, kowa da fiyanonsa, ana gaisawa ana tambayar shekarar da ka sayi taka. Na zaci kiɗa za a yi. Ashe gardamar abincin wa ya fi daɗi tsohon da ɗan Danmak suke yi tun a intanet, yau za a raba ta, kuma ni baƙo aka naɗa alƙali. Inna lillahi! Duk wanda na kayar, bikin nan ya tashi ba kiɗa.

Ɗan Danmak ya fara. Ya kawar da faranti mai naman alade, ya miƙo mini baƙin burodi da man shanu da kifi mai tsami da ɗanyar albasa, komai sanyi ƙalau, ko ƙwayar barkono babu. Ya bi ni da wata baƙar alewa mai gishiri kamar kanwa. Na haɗiye da ƙyar.

Sai tsohon ya ce mu fita bayan gida. Ya tsoma wani kumburarren gwangwani cikin bokitin ruwa ya huda. Jama'a! Na girma kusa da masu daddawa, amma ban taɓa jin wari irin wannan ba. Abokina ya gudu mota. Wai kifi ne da aka bari ya ruɓe da gangan, kuma abincin biki ne a wurinsu.

A gidanmu ba a kushe abincin mai gida. Na kai loma, hawaye na zuba, na ce, "Baba, wannan ya yi daɗi ƙwarai."

Ɗan Danmak ya ƙura mini ido. Can ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wanda zai yi wannan ƙaryar don kada tsoho ya ji kunya ya cancanci maɓallai," in ji shi. Kafin la'asar fiyanona ta dawo garau.

Tsohon kuwa bai yarda ƙarya na yi ba. Da murnarsa ya rako ni mota da gwangwani uku, wai shekara ashirin yana neman abokin ci.

Mun iso gida da magariba, gilasan mota a sauke. Abin da na koyo shi ne, kara a wurin waɗannan mutanen magana ce ta gaskiya, riƙe ta suke yi. Uwargida ta shinshina rigata tun daga bakin ƙofa, ta ce in zaɓa, ko ita ko gwangwanayen. Ban ma gaya mata tsohon ya gayyace mu cin kifi watan gobe ba, kuma na amsa.