Taguwar Kawu a Shafin 'Yan Sanda

Kawuna na Ɗanzomo yana da taguwa, wato raƙuma, wadda in ta miƙe tsaye sai tsuntsaye sun sake hanya. Da ita yake huɗa. Yana binta a baya riƙe da garma, yana yi mata wata waƙa marar kai marar gindi. Nakan kwanta a gindin gawo in hango su cikin hucin rana, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, kamar masu ratsa tafki.

Bara waccan, ƙarshen bazara, ta tsinke dabaibayi ta yi arewa. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa na gyara garma, kawu kuwa nasa ƙarfen na jingine a bango. In ruwa ya sauka ba ta dawo ba, gonarsa ta bana ta tafi.

Ya yi cigiya yadda ya gada. Ya je wurin mai gari, ya sa an faɗa bayan Juma'a a Sule Tankarkar, ya zagaye karar dabbobi ta Maigatari yana leƙa fuskokin raƙuman mutane har dillalai suka fara yi masa tayi. Wuri ɗaya ne bai je ba.

"Kawu, ka gaya wa 'yan sanda?"

"A zuri'armu ba wanda ya taɓa taka caji ofis. A gan ni ina fitowa, kafin la'asar labari ya kai Gagarawa an ce akuya na sata."

Ni adaidaita sahu nake ja a Gumel. Wata rana da hantsi ina tasha, ba fasinja, ina latse-latsen waya, sai na ci karo da fuskar taguwar a shafin 'yan sandan wajen iyaka. Gashin ido zara-zara, leɓe a sake, tana kallon duniya kamar ta riga ta san ƙarshen zancen. An rubuta cewa an tsince ta, mai ita ya zo da shaida. Fuskar kawai suka ɗauka, sai ka ce za a yi mata fasfo.

Ƙasan hoton kuwa kasuwa ta ci. Wani ya ce tasa ce tun tana jaririya. Wani ya ce wallahi surukarsa ce. Wani ya tambaya ko tana da miji. Ni ma na sa baki: "Yallaɓai, ai raƙumi ba a gane shi a fuska. Ku juyo mana cinyarta mu ga tambari."

Ban mayar da wayar aljihu ba sai ga amsa: "Da mun juyo, da rabin Maigatari sun zama masu ita. Mai ita ya faɗi abin da ke cinyar."

Jama'a, ɗan sanda ya yi min magana bai ce in faka ba! Na tada keke sai Ɗanzomo.

Kawu ya karɓi wayar hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa zai shafa goshinta, hoton ya zame.

"Ta kuma guduwa!"

Na dawo masa da ita, na ce ana tambayar tambarin cinyarta.

"Ba ta da shi. Ban iya sa mata wuta ba."

Na rubuta haka. Ɗan sandan ya ce gaskiya ne, cinya wayam, amma wasu ma sun canki hakan, don haka Baba ya zo da kansa. Kawu ya ce shi da wurin nan sai dai a kai gawarsa. Iska na ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a garin wasu.

Can na ce, "To yi mata waƙar, in aika."

"Kai, ɗan nema! Waya ake yi wa waƙa?"

Amma ya tashi. Ya juya min baya, ya fuskanci gona, ya miƙa hannaye kamar ya riƙe garma, ya lumshe ido. Muryar ta fito a dishe, tana hawa tana sauka kamar kunyar gona. Na naɗa a hankali, na tura.

Bayan azahar bidiyo ya iso. Ga ta gurfane a inuwar maina, wato darbejiya, an ajiye mata dusa ta kau da kai. Sai ga hannu da waya, sai muryar kawu. Kunnuwanta suka motsa. Ta tashi irin tashin raƙumi, baya kafin gaba, ta zura wuya ta bisa hular ɗan sandan tana duba bayansa. Da ba ta ga kowa ba, sai ta kama tafiya a miƙe, sannu sannu, tana jan garmar da babu. Ta kai bango, ta juyo, ta kama wata kunyar.

Muka ji ɗan sandan yana dariya: "Baba, don Allah zo ka ɗauki abarka kafin ta nome mana filin fareti."

Washegari na kai shi. A bakin ƙofa ya coge, ya tuɓe takalma ya riƙe, ya dubi dama da hagu ko akwai ɗan garinsu. Sai ta yi wani kuka daga ciki, wanda na rantse an ji shi a Damagaram. Ban ga shigarsa ba. Na dai ga takalma a ƙasa.

Da akala a hannu ya dawo gida, ina binsu a keke kamar ɗan rakiyar amarya. Muna wuce wata rijiya yayyafi ya fara sauka a tozonta.

Har yau ana musu a teburin mai shayi. Wasu na cewa ɗan sanda da latsa waya zubar da kwarjini ne, wasu na cewa sun rubuta ba a kula su ba. Da na kai wa kawu zancen sai ya ce, "Ɗan sandan nan sankira ne, mai shela. In dai ka kira shi yana waiwayowa, a bar shi da gangarsa."

Na ce, "To, yanzu dai zuri'a ta taka caji ofis."

Ya ce, "Wa? Ni gona na shiga. Ba ka ga ana huɗa ba?"