Bidiyon da Muka Gyara Saboda Hajiya Falmata

Har yau ina tuna ranar da Hajiya Falmata ta shigo ofishina ta ce ta zo janyewa daga karatu. Lokacin ina malamin kwamfuta a wata cibiyar karatu daga nesa a Azare. Ga wanda bai sani ba, ɗalibanmu ma'aikata ne. Suna karatu a gida da bidiyon da hedikwata ke aikowa, sai jarrabawa ke kawo su wurinmu.

Hajiya shugabar firamare ce a Sakwa. Ta ci kowane darasi sai na kwamfuta, wanda ta faɗi sau biyu. In ta sake faɗuwa, an sallame ta ke nan.

Na ce, "Hajiya, zauna mu kalli darasin tare tukuna."

Na kunna mata a wayarta. Can sai ta ce, "Malam Isa, mai bayanin yana cewa a danna nan. Ina ne nan ɗin? Ban ga kibiyar ba, kuma kafin na fahimci Turancinsa ya wuce."

Ashe ba kanta ne bai ɗauka ba. An shirya bidiyon ne don mai babban allo da kaifin ido.

Na je wurin darakta na nemi izinin gyara shi. Ya ce, "Kayan hedikwata ne. In suka yi tambaya, kai za ka amsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Darasin ba zai canja ba."

Na yanyanka bidiyon gajeru-gajeru, kowane guntu aiki ɗaya: buɗe fayil, rubutu, adanawa. Na ƙara girman kibiyar, na sa mata ja. Na ɗora bayani da Hausa, abokiyar aikina Malama Dija ta ɗora na Fulatanci, muka bar na Turanci ga mai so. Bayan kowane mataki hoton kan tsaya har ɗalibi ya gwada. Da yake sabis ba shi da ƙarfi a ƙauye, muka zuba mata a mimori.

Ranar jarrabawa ina tsaye a bakin taga. Na ga ta gyara tabarau, ta kama linzamin kwamfuta ta fara aiki. Ta gama, ta adana aikinta, ta fito tana murmushi.

Ta ce, "Malam, na fa raba wa malamaina darasin. Har malaman garin Yana sun aiko a tura musu."

Da sakamako ya fito ta ci. Darakta da kansa ya aika gyaranmu hedikwata, da sunana da na Malama Dija a kai.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in ɗalibi ya faɗi, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Ku zauna kusa da shi, ku kalli darasin a wayarsa, ku ji inda ya tsaya. Mutanenmu na son ilimi, kuma suna iyawa in an kai musu shi yadda za su gani.