Rumbun Tsimi

Shekarar da tsutsa ta cinye zangarniyar gero daga Madarunfa har Safo, gidanmu yana cikin 'yan gidajen da suka ɗaure damman kirki, don gonarmu ta bakin tabki ta tsira. Ga kuma jakuna biyu da amalanken da Alhaji, mijina, yake kai kaya Ɗan Issa da su. Mutane suna cewa mun ji daɗi. Ni kuwa tun ranar da aka rufe rumbuna gabana yake faɗuwa, don na san idon gari duka a kanmu yake.

Alhaji ya fid da zakka tun a gona, dami ɗaya cikin goma, ban ce uffan ba. Hakkin Allah ne. Amma bazara na kamawa sai mata suka fara shigowa. A wajenmu mace mai mutunci ba ta buɗe baki ta roƙi hatsi. Ƙwarya za ta ɗauko, rufe da faifai, ta ajiye gindin turmi, ta gaishe ki, ta tambayi yara, ta ce bari ta leƙa maƙwabta ta dawo. Ke kuma ki cika, ki mayar da faifan, kamar ba a yi komai ba. Mayar da ƙwarya wofi kuwa, wannan sai gidan da ba a san kunya ba.

Na cika har na gaji. Wata safiya na fito na ga ƙore jere har bakin ɗakin girki. Rumbu biyu suka ƙare, saura rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai ruwa ya sauka. A cikinsa iri yake, a cikinsa kuma abincin da za mu ci har sabon gero ya nuna. Yarana biyar, auta ban daɗe da yaye ta ba.

Rannan na ga Alhaji ya jingina tsani a jikin rumbun tsimin. Na saki taɓarya na sha gabansa.

"Alhaji, me za ka yi?"

"Abin da kika gani."

"Ba ka fid da zakka ba? Ba ka ƙara da rumbu biyu ba? Haba! Kai kaɗai ne mai hali a garin nan?"

Ya ce ya je wurin liman, liman ya ce farilla ta sauka a kansa, amma maƙwabci mai yunwa yana da nasa hakkin daban. Na ce to shi wannan hakkin tiya nawa ne? Ya ce liman bai faɗi iyaka ba.

"Ai ba zai faɗa ba," na ce, "tunda ba rumbunsa ba ne!"

Na yi kuka, na ce masa tsoro nake ji, tsoron damina ta yi mana gardama. Ya dube ni, na ga shi ma a tsorace yake. Ya ce jiya an binne jaririn gidan maƙeri, uwar ba ta da ruwan nono, kuma shi ya haƙa ramin. Sai ya hau tsanin.

Ya ware iri, ya ware mana abin da yake zaton zai kai mu, sauran ya shiga gari. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta bushe ƙaf. Kullum sai in tsaya tsakar gida ina kallon gabas har wuyana ya yi ciwo. Shukar ta ƙone. Aka maimaita shuka da geron da aka ware mana na ci, Alhaji ya sayar da jaki ɗaya ya sayo masara da tsadar tsiya. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini, da kwaɗon tafasa.

Manyan yara suka jure, auta ta kasa. Zawo ya kama ta, gashinta ya yi ja, ta daina ko kukan kirki. Na kai ta likita, aka auna damtsenta da 'yar igiyar nan mai launi, ta tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Ta rayu, yanzu haka tana lakkwal, makarantar boko, amma a ranar ban san za ta rayu ba.

Da muka dawo Alhaji ya karɓe ta, ya zauna bakin rumbun. Ya kama damtsenta, yatsunsa biyu suka zagaye shi har suka haɗu.

"Uwar yara," ya ce, "da na hana su?"

Na buɗe baki in ce i, na tuna 'ya'yan unguwa da suka kai kaka da geron nan. In ce a'a kuma, ga tawa a hannunsa kamar kara. Na karɓe ta na goya, na ce gobe ya kai ɗayan jakin kasuwa.