Hoton da Gidaɗo Ya Ɗauka a Zauren Sharu

Duk wanda ya zauna a Anka ya san Gidaɗo, dogon nan mai jan babur da akwatin katako a baya. A wata ruga gefen Gwashi aka haife shi, ya yi kiwo har ya yi aure, sannan shanun suka tafi a yini ɗaya kamar yadda na mutane da yawa suka tafi. Ya shigo gari da iyalinsa ya kama aikin kai saƙo. Ba gudu ya ɗaga shi ba, don tuƙin tsofaffi yake yi. Riƙon bakinsa ne. A yankin nan, idan mai hali zai taimaki dattijon da duniya ta juya wa baya, ba ya kiransa ya miƙa masa a hannu. Amintacce ake ba wa, ya ajiye a zaure ya ce saƙo ne, maigida ya ce madalla, ba mai tambayar daga ina. Shekara bakwai Gidaɗo na wannan aiki, ko matarsa ba ta taɓa jin sunan gida ɗaya daga bakinsa ba.

Sai wani matashi, Mujahid, ya buɗe shagon kayan abinci a bakin kasuwa. Yana da kai, wannan ban hana shi ba. Ya ɗora kayansa a waya, mutum yana Gusau ko Legas zai duba hoto ya zaɓi shinkafa da manja da kayan miya, a kai wa iyayensa har ƙofar gida. Matan aure ma suka huta da jiran cefanen da ba ya isowa sai azahar. Ya ɗauki Gidaɗo kai kaya da sharaɗi ɗaya: duk inda aka sauke, a ɗauki hoton mai karɓa, don mai saye ya tabbatar kayansa sun isa.

Wata Laraba aka sayi buhun gero da galan na mai, aka ce a kai wa Sharu Bello. Wanda ya saya tsohon ɗan ƙodagon gonarsa ne, yana Fatakwal yanzu, ya kuma roƙa kada a faɗi sunansa. Sharun nan, a garinsu Adabka rumbunsa tara, da bazara rabin unguwa a gidansa take cin tuwo. Da noma ya gagara ya dawo Anka ya kama hayar ɗaki biyu, ya ci gaba da sa farar rigarsa a goge yana fita masallaci. Mutane na zaton 'ya'ya na aiko masa, shi kuma bai gyara musu zaton ba.

Gidaɗo ya sauke buhun a zaure, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, wai sai an ɗauki hoto. Mai saƙon kaɗai za a tura wa."

Sharu ya dube shi. "Tunda kai ne, ɗauka," ya ce. Ya gyara hula ya tsaya kusa da buhun.

Kafin la'asar hoton yana shafin shagon, da rubutu a ƙasa: wani bawan Allah ya tallafa wa wannan tsoho mabuƙaci ta hannunmu, kai ma za ka iya. Mabuƙaci. Mutumin da ya ciyar da uban Mujahid ɗin a shekarar fari, shi aka rataye a waya kamar kayan talla, kowane ɗan zaman banza a teburin mai shayi yana ja da yatsa yana ƙara girman fuskarsa.

Da Gidaɗo ya gani, bai ko kashe babur ba ya faɗa shagon.

"Mi tsohon ga ya yi maka? Ni na ce mai ba mai gani. Da bakina."

Mujahid ya ce, "Haba Baba Gidaɗo, ai ban sa sunansa ba. Ka san mutum nawa sunka yi oda yau saboda hoton ga?"

"Wa ke neman suna a Anka? Akwai wanda bai san fuskar Sharu ba? Goge shi, ko wallahi in rotsa wayar nan a gabanka."

Ya goge. To, a goge me? Hoton ya riga ya shiga wayoyin mata, ya kai Gummi, ya kai Adabka inda ake tuna rumbunan. Wasu har addu'a suke rubutawa a ƙasa, Allah ya rufa mana asiri, su da suka taya tona na wani.

Gidaɗo ya ajiye wa Mujahid kayansa ya bar aikin. Sai dai kunyar tana wuyansa, don ba Mujahid Sharu ya tsaya wa ba. Kwana uku dattijon bai fito masallaci ba. A na huɗu Gidaɗo ya daure ya je ya yi sallama, ya durƙusa, ya fara ba da haƙuri.

Buhun na nan inda ya sauke shi, ɗinkin bakinsa ko zare ɗaya ba a ja ba. Sharu ya saurare shi har ya gama, bai ɗaga murya ba.

"Na yafe maka. Tashi ka kama min, ka mayar da shi inda ya fito."

"Baba, don Allah a bar shi. Iyali fa?"

Daga bayan labule Inna Habsu, matar Sharu, ta ce a hankali, "Malam, ko tiya ɗaya a ɗiba. Jiya ma ba mu ɗora tukunya ba."

Sharu bai waiwaya ba. Ya sunkuya ya kama kunnen buhun da hannu biyu, ya tsaya yana jiran Gidaɗo ya kama ɗaya gefen.