Hikima 'Yar Gwadabe da Karatun Likitan Ƙafa

Duk wanda ya zauna a unguwar Nuzla ta Jidda ya san Hikima 'yar Gwadabe, doguwar nan mai saurin tafiya da ba ta iya ɓoye fushi ba. A Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi ubanta. Kakanta ne ya taso daga Gumel ya zo aikin hajji bai koma ba. Duk da haka har yau da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, take yawo, kamar wadda ta sauko daga jirgi jiya.

Aikinta na fari tarbar marasa lafiya ne a wani asibitin kuɗi da ke hanyar Abhur. Ga Larabci a bakinta, ga Hausa, ga ɗan Zabarmancin da ta tsinta wajen maƙwabta. Saboda haka duk baƙar fatar da ta shigo, ita ake ƙwala wa kira ta yi tafinta.

Shekarar da aka rushe unguwarsu ta Karantina, mahaifinta ya koma cikin ɓaraguzai neman ƙofar gidansu ta ƙarfe, ya taka ƙusa. Ciwon sukari ya daɗe da kashe masa tafin ƙafa, bai ma san ya taka ba. Da zazzaɓi ya rufe shi ya je wani ƙaramin asibiti, likita ya ba shi ƙwayoyi ya sallame shi, ko takalmi bai ce ya cire ba. Kafin a farga ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu, yau shi ake turawa.

'Yan dubiya suka yi ta cewa ƙaddara ce. Hikima ba ta ja da ƙaddara ba, amma ranar da abin ya ishe ta sai ta ce, "Ƙaddarar ce ta hana likita sunkuyawa?"

Ana nan sai asibitinsu ya fito da wani tsari: za a ɗauki wasu ma'aikata su koyi aikin likitan ƙafa, suna aiki a sashen ana biyan su albashi, suna karatu da wata jami'ar waje har su sami digiri. Hikima ta nema, ta zauna jarrabawa, ta ci. Sai shiru. Abokan nemanta suka fara shiga aji, ita tana nan bayan tebur.

Ta je ta sami mudir, wato shugaban ma'aikata, wani Mohannad mai yawan murmushi. Ya ce, "Ya Hikima, ai ke ce ƙashin bayanmu. In kin tafi, wa zai yi mana magana da mutanenku? Halas, shi ke nan, ki bari sai baɗi."

"Ustaz," ta ce, "wato don ina da amfani aka danne ni? Da ban iya komai ba, da tuni ina aji?"

"Haba, yabonki fa nake yi."

"Riƙe yabonka."

Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe. Washegari da aka kira ta tafinta, ta yi wa wata tsohuwa da ta zo bayani tsaf, don ita ba ta yi mata laifi ba. Tana gamawa ta wuce kai tsaye wajen Dakta Razan, shugabar sashen ƙafa, ta zayyana mata komai a tsaye. Dakta Razan ba ta ma san an riƙe sunanta ba. Aka yi ta kai ruwa rana, har Mohannad ya yi mata barazana da iƙamarta, tunda asibitin ne kafilinta, shi ya tsaya mata aka ba ta izinin zama. Ba ta janye ba. Zangon farko ya wuce ta, amma a na biyu aka ba ta farar riga, aka kuma ɗauko wani ɗan Maraɗi ya zama tafinta, abin da ya kamata a yi tun tuni.

Yanzu ta yi nisa a karatu. Da safe tana wanke gyambo, tana gyara farcen da ya nutse cikin tsoka, tana gwada wa masu sukari takalmi. Da yamma ta rungumi littafi. Goggonninta na tsegumin wai ta rasa sana'a sai shafa ƙafafun mutane. Ko kallonsu ba ta yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar takan zaga gidajen tsofaffin Nuzla, waɗanda ke tsoron asibiti saboda takardunsu sun mutu. Makon jiya ta tarar da Hajiya Indo, ƙawar kakarta, ta miƙe ƙafa tana kankare kantar tafin ƙafarta da reza. Hikima ta fizge rezar.

"Hajiya! Da sukarinki? So kike ki kashe ni?"

"Ke 'yar nan, faɗanki ya fi maganinki yawa."

"Na ji. Yalla, maza miƙo ɗayar."

Tsohuwar ta yi tsaki, ta miƙo.