Wa zai riƙe ajin Asabar na Yaya Nafisa?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura ɗankwali da safen nan wayata ta yi ƙara, aka ce Yaya Nafisa ta rasu. Babbar mota ce ta buge zem, babur ɗin hayar da take kai, wajen Godomey, tana hanyar zuwa sitaj, wato koyon aiki a asibiti.



Ga waɗanda ba su san ta ba, ɗalibar ajin ƙarshe ce a makarantarmu ta ungozomomi, shekara ɗaya take gabana. Ita ta ƙirƙiro ajin Asabar a tsakar gidansu a nan Zongo, kuma ban ga yadda ajin zai rayu ba tare da ita ba.

A makaranta an koya mana cewa jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa hatsari ne. To wa ke ganin lita a ɗakin haihuwa? Zani muke gani, jiƙaƙƙe. Sai Yaya Nafisa ta tara tsofaffin zannuwan Innarta, ta dafa zoɓo, ta dama da garin rogo har ya yi kaurin jini. Ta auna a ɓoye, ta kwara a zani, ta ce kowa ta faɗi nawa ne.

Kullum ƙasa da ainihin adadin muke faɗa. Ni ce ma uwar 'yan kuskure.

Ni ce kuma na laƙa mata "Dokta mai zoɓo", don bakina ba ya shiru. Dariya kawai ta yi ta ce, "Hadiza, ido maƙaryaci ne. Jinin da kika ce kaɗan ne, shi ke tafiya da uwa."

Duk abin da muka faɗa tana rubutawa, a kansa take memuwar ɗinta, wato kundin binciken kammala karatu. Saura wata guda ta kare shi gaban malamai. Malamarmu da ta fara cewa wasan yara ne, da ƙafarta ta zo Zongo ta zauna a tabarma, ita ma ta faɗi ƙasa da adadin.

Ranar da na faɗi jarrabawar aiki, daga makaranta har unguwar Sainte-Rita ta rako ni a ƙafa ina kuka, ba ta ce min ko "ai na gaya miki" ba.

Wata rana a sitaj na kalli zanin wata mai jego, na gane jinin ya wuce kima, na ruga na kira babbar ungozoma. Matar tana nan da ranta. Ba wayona ba ne, koyarwar Yaya Nafisa ce.

Asabar da ta wuce muna matse zannuwa, hannuwanmu jajur, ta ce, "Ƙanwata, an sa ni aikin Asabar sati uku. Ki riƙe min ajin."

Na ce, "Haba Yaya, ni da harshena ke sarƙewa gaban mutane? Nemi wata."

Ta ce, "Ba wata. Ke kika fi kowa kuskure, ke kika san inda ake faɗawa. Tsaya in nuna miki haɗin zoɓon."

Ban tsaya ba. Biki gare ni a Gbégamey, na ce sai wani satin.

Wani satin! Wallahi na tsani kaina.

An kai ta bayan azahar. Inna ta miƙo min littafinta, na bi shi shafi-shafi ina neman haɗin. Sunayenmu na nan, kurakuranmu na nan, amma yawan garin da na ruwan babu. A kanta yake, ta tafi da shi.

Ɗazu wata 'yar aji ɗaya ta rubuto a gurup, "Anti Hadiza, ranar Asabar mu zo?" Mako mai zuwa za su fara shiga ɗakin haihuwa, ba su taɓa ganin jiƙaƙƙen zani ba. Sau huɗu ina rubuta amsa ina gogewa.

Allah Ka jiƙan Nafisa, Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta. Duk uwar da ta rayu ta dalilinta, Ka kai wa Nafisa ladan. Ka ba Inna haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki. Asabar saura kwana uku, kuma ban iya ba.